Wasannin bazara ga yaran nazare da rabin aji: yadda za a tsara su a Katsina

Daga tsakiyar Maris har ruwan farko ya sauka, duk malamar da ke riƙe da ajin nazare a Katsina ta san irin faman da take yi. A Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura, ga azuzuwanmu galibi rufin kwano ne, wasu ko silin babu. Kafin ƙarfe 11 ɗakin ya koma kamar tanderu, wuta kuma ba ta zama balle a dogara da fanka. A haka ake zaunar da ɗan shekara 3 ko 4 a kan benci, a miƙa masa fensir a ce ya cika shafi. Sai ya fashe da kuka, ko ya ciji na kusa da shi, ko ya kifa kai ya yi barci cikin gumi, a ce wai rigima ta yi masa yawa.

Yaron ba shi da laifi. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ruwan jikinsa yana saurin ƙarewa, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, 60 daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle sosai, sannan barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana. Abin da nake so ki ɗauka, Malama, shi ne a bazara wasa shi ne darasin. Ba sai makarantarku tana da kuɗi ba. Inuwa, ruwa, yashi, kara da idon babba sun isa, in an bi su a tsare.

Mataki na farko: ki bar rana ta tsara miki jadawali

Ki juya tsarin da aka saba. Maimakon rubutu da safe, wasa bayan an tashi tara, ki kai duk wani wasan gudu farkon safiya, daga isowar yara zuwa wajen ƙarfe 9 da rabi. Sannan a wanke hannu a ci abinci. Daga 10 zuwa 11 wasan ruwa da yashi a inuwa. Daga 11 har a tashi, a koma baranda ko cikin aji don tatsuniya, zane da ɗan barci. Ki roƙi shugabar makaranta a gajarta wa ƙananan tsayuwar taron safe, domin jera su a rana ana dogon jawabi yana cinye sanyin safiyar da ya kamata su yi gudu a cikinsa.

Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar wani ma'auni. Ki dubi inuwarki: idan ta fi ki gajarta, rana ta yi ƙarfi, yara su koma inuwa. Ki kuma ɗora bayan hannunki a kan siminti ko ƙarfen lilo ki ƙirga biyar. In kin kasa jurewa, tafin ƙafar yaro da cinyarsa ba za su jure ba.

Mataki na biyu: wurin wasa

Gindin darbejiya ko mangwaro ya fi komai. In babu itace, a kafa rumfar zana ko ta asabari. Rumfar kwano tana hana hasken rana amma tana sauko da zafi a ka. Kowace safiya, kafin yaro na farko ya shigo, a share wurin a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Ki zaga da idonki, ki tsince fasasshiyar kwalba, ƙusa, reza da ƙarangiya. Ki ɗaga duwatsu da bulo da sanda, ki kakkaɓe tabarmi, saboda lokacin zafi ne kunama take yawo. 'Ya'yan darbejiya da ke zubowa ma a share su, don akwai yaran da ke cusa su a hanci ko kunne. Idan akwai rijiya ko tankin ƙasa a harabar, murfi da kwaɗo, kuma mabuɗin ya zauna a hannun Baba mai gadi ko shugabar makaranta.

Mataki na uku: ruwan sha kafin komai

Yaro mai wasa ba ya tuna ƙishi, saboda haka kada ki jira ya tambaya. Ki ajiye randa ko tulu mai murfi a inuwa, da moɗa guda ta ɗiba wadda babba kaɗai ke taɓawa, kowane yaro kuma da kofinsa ko gorarsa mai alama. Duk bayan minti 20 zuwa 30 ki buga ɗan gwangwani, kowa ya zo ya sha, ko da kurɓi uku ne. In ruwan daga 'yan garuwa yake zuwa, a tafasa na sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa.

Ki yi magana da iyaye a kan guzuri. Kankana, mangwaro da aka yayyanka, lemo, kunu ko zoɓo marar yawan sukari sun fi biskit da lemon kwalba nesa. Tufafi kuma su zama na auduga, masu sauƙi. Safa mai kauri da laktaye ba su da wani amfani ga ɗan shekara 4 a watan Afrilu. 'Yan mata su sa ɗan gajeren hijabi marar nauyi, domin dogon hijabi yana harɗe ƙafa wajen gudu, yana kuma iya sarƙewa a lilo.

Mataki na huɗu: tara kaya

Ki aika wa iyaye saƙo su turo abin da suke zubarwa: robobin man shafawa, gorunan ruwa, kwalaye, tsofaffin zannuwa, ludayin duma, ƙwarya, ƙwallon goruba. Kara kuwa kowane gidan da ke noma yana da shi. Ki wanke komai da sabulu ki shanya. Gwangwanin tumatir da na madara, a bubbuge bakinsu da guduma har ya daina yanka, in ba a samu yin haka ba a jefar. Kada ki karɓi robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fetur ko kalanzir, komai wankin da aka yi mata.

Sai ƙa'idar girma. Ga 'yan ƙasa da shekara 3, duk abin da zai shige baki gaba ɗaya ba abin wasa ba ne: ƙwallon tsamiya, na dabino, murfin lemo, tsakuwa, wake. Balan-balan ma ki bar ta, fasasshenta yana toshe maƙogwaro.

Mataki na biyar: wasannin sanyin safiya

Wanda na fi so, kuma yaran Katsina da Daura ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa, shi ne hawan sallah da dokin kara. Ki zaɓi karan dawa mai kauri wanda tsawonsa ya kai ƙirjin yaro. Ki naɗe bakinsa biyu da tsumma don kada ɓawon ya yanki hannu. Kan doki a yi shi da tsohuwar safa da aka cusa wa tsummoki, ko a yanka kwali, a ɗaura ƙyalle a matsayin linzami. Ki ja layi biyu a ƙasa, tsakaninsu kamar taku 15. A zaunar da sarki a kan kujera a bayan layi na biyu, da dogarai biyu, da makaɗi mai gwangwani. Mahaya su taso huɗu-huɗu da gudu, su ja birki a kan layi, su ɗaga hannu su yi jinjina, su ce "Ranka ya daɗe!" Amfanin wasan yana cikin tsayawar nan. Yaron da ya koyi taka wa kansa birki yana tsakiyar gudu, shi ne gobe zai iya jiran layi, ya iya sauraro. A riƙa juya sarautar kullum, 'yan mata ma su hau doki, su zauna a kujera. A Daura ba sai an nemo hujja ba, tunda tarihin garin da sarauniyoyi ya faro.

Jini-jini kuma wasan kunne ne. Ki riƙa ambaton abubuwa: akuya, kaza, saniya, su amsa suna tsalle; in kin ce dutse ko tabarma, kowa ya tsaya cak ya yi shiru. A da wanda ya yi kuskure duka yake sha. Wannan a cire shi ɗungurungum, a maye gurbinsa da tafi uku, a ci gaba. Langa ta manyan yara ce, amma 'yan shekara 4 da 5 za su iya ɗan tsalle da ƙafa ɗaya daga wannan layi zuwa wancan, ba ture ba karo. 'Yar gala-gala a rage ta zuwa gida uku ko huɗu, a rubuta lamba a kowane gida. Gaɗa a tsaya a kan tafi da rawa, ban da faɗawa da baya a cafe. Carafke ya fi ƙarfin yatsunsu, kuma tsakuwa ce. Madadinsa su riƙa jefa ƙwallon tsumma ko na goruba cikin ƙwarya daga taku biyu, sannan uku.

Ɓuya kam ina jan kunne a kanta. Yara suna shiga cikin duro, tsohon firji ko motar da aka ajiye, kuma a wannan zafin mota a rufe tana iya kashe yaro cikin ɗan lokaci. In za a yi, a ɓoye abu, ba mutum ba: ki ɓoye 'yar tsana a cikin filin da kowa ke gani, su nemo.

A duk waɗannan kada a yi tsarin "wanda ya faɗi ya fita". Wanda ke fita da wuri shi ne wanda ya fi buƙatar wasan.

Mataki na shida: wasan ruwa

A nan ne bazara take da daɗi, a nan ne kuma haɗarin ya fi yawa, don haka zan ɗan daɗe.

Ki samu baho mai faɗi marar zurfi, ki ajiye a ƙasa a inuwa, ki zuba ruwa iya yatsu huɗu. Yara huɗu ko biyar ga baho ɗaya, a durƙushe a kewaye. Ki zuba musu ludayi, kofuna masu bambancin girma, mazurari, rariya, soso, da gorar da aka huda wa gindi. Minti biyar na farko kada ki ce komai, ki bar su su ɗiba su zuba. Bayan nan ki fara jefa tambaya: "Ludayi nawa zai cika kofin nan?" Ku ƙirga tare da murya. "Wanne ya fi cin ruwa, wannan dogon ko wannan mai faɗin?" Su gwada su gani. Lissafin da ake son su haddace a allo, ga shi a hannunsu: cike, rabi, babu komai, ya fi, bai kai ba.

Washegari ki kawo kara, ganyen mangwaro, babban cokali, dutse mai girman dunƙulen hannu da robar man shafawa. Kafin a jefa kowanne ki tambaya, "Zai nutse ko zai taso?" Kowa ya faɗi nasa, sannan a jefa. Kada ki yi saurin gyara wanda bai dace ba, ruwan zai nuna masa. In wata ta cika robar da ruwa ta ga ta nutse bayan ɗazu tana yawo a sama, ki tara sauran su gani, ki bar ta ta yi musu bayani da bakinta.

Akwai fentin ruwa, wanda ba ya cin ko kwabo. A ɗaura tsumma a bakin kara, a tsoma a ruwa, su zana a jikin katanga ko siminti mai inuwa: da'ira, layi, harafin farko na sunansu. Kafin su juya zanen ya bushe. Sai ki tambaya, "Ina ruwan ya tafi?" Amsoshin da za ki ji sun isa hirar yini guda. Akwai wankin kayan 'yar tsana da shanya su a igiya, wanda ke ƙarfafa yatsu wajen matsewa. Ranar da aka samu hali, a sayo babban dunƙulen ƙanƙara a sa a baho, su taɓa, su zuba masa ruwa, su ga yadda yake narkewa. Babba nake nufi, ba ƙanana da za a jefa a baki ba. Sai tseren ludayi: a ɗebo daga wannan baho a kai wancan a tafe, ba a guje ba.

Na san ruwa tsada yake a bazara, jarka ba ta arha. Baho ɗaya ya ishi rukuni-rukuni na yini guda, in an gama a ba itatuwa su sha ko a yayyafa a fili. Kada a bar shi ya kwana. Yaro mai gudawa, ciwon ido ko ƙuraje masu ruwa ba ya shiga baho tare da sauran. A ba shi nasa ɗan kwano a gefe.

Yanzu ga maganar da ba na so ki manta. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba, kuma ba ya ihu, shiru kawai za a ji. Kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya fitowa. Saboda haka babu bokiti, babu duro a wurin wasa. Babba ɗaya aikinsa bahon nan ne kawai, hannunsa na iya kaiwa ga kowane yaro, wayarsa na cikin jaka. In aka kira ki ofis, ki tuntsurar da ruwan kafin ki tafi. Ranar da kike ke kaɗai da yara 40 ba mataimakiya, a haƙura da wasan ruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na bakwai: yashi da yumɓu

A sayo yashi mai laushi irin na shafe, a tankaɗe shi da rariya, a baza a rana ya sha zafi kwana biyu. A zuba cikin tsohuwar tayar babbar mota ko a kewaye shi da bulo a inuwa. Kullum in an tashi a rufe da buhu a danne, saboda kyanwa da kaji. Kafin wasa ki jiƙa shi kaɗan, don busasshen yashi yana shiga ido kuma ba ya ginuwa.

Tuwon ƙasa ba sai an koya wa kowa ba, iyayenmu sun yi, mu ma mun yi. Abin da za ki ƙara shi ne kasuwa. Wata ta kasa "gero" da ɗan kwano a matsayin tiya, ganye ya zama kuɗi. Ki zo a matsayin mai saye: "Salamu alaikum, Hajiya, nawa tiya?" In ta faɗa ki taya, ta ce albarka, ki ƙara, ta sallama. Cikin wannan ɗan ciniki akwai gaisuwa, ƙirga, jiran magana da ladabi. Yaron da bakinsa ke da nauyi a aji, sau da yawa a nan ake fara jin muryarsa.

Ki daidaita yashin da tafin hannu su rubuta da yatsa. Yatsun ɗan shekara 3 ba su gama ƙwari don riƙe fensir ba, amma suna iya jan layi da da'ira a yashi, in an ɓata a shafe a sake, babu jan biro babu kuka. 'Yan rabin aji su rubuta baƙaƙe da lambobi, har da alif da ba da suke ji a Islamiyya.

Da jiƙaƙƙen yashi kuma a gina gari. Ku kewaya ganuwa, ku bar ƙofofi, ku sa musu suna: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Durɓi. Ki tambayi kowane yaro ta wace ƙofa ake zuwa gidansu. A tsakiya a ɗora hasumiyar Gobarau, ki gaya musu ta gaskiyar ma da ƙasa aka gina ta. A Daura a haƙa rijiyar Kusugu, a mulmula macijin yumɓu a gefe, a ba su labarin Bayajidda a taƙaice.

Yumɓu a samo wurin masu ginin tukwane. A jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa, a cuɗa har ya yi laushi, a ba kowa curi kamar girman lemo. Kada ki gina musu samfuri su kwaikwaya, sai kowa ya ce bai iya ba. Ki nuna mulmulawa, murzawa da lotsawa da babban yatsa, sauran nasu ne. A shanya, zuwa gobe ya bushe, su tafi da shi gida. Bayan yashi ko yumɓu, wanke hannu da sabulu dole ne.

Mataki na takwas: idan rana ta take

A shimfiɗa tabarmi, a buɗe tagogi duka. Rataya jiƙaƙƙen zane a tagar da iska ke shigowa yana rage zafi, musamman a Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe.

Na san a al'ada dare ne lokacin tatsuniya, kakanninmu suna hana yin ta da rana. Amma a gidaje da yawa yanzu waya da talabijin sun cinye daren, in ba a yi ta a makaranta ba wasu yaran ba za su san Gizo da Ƙoƙi ba. Ki buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta". Minti biyar zuwa bakwai ya isa. Ki yi tsamin bakin Gizo, ki tsaya a tsakiya ki ce "To, me kuke jin zai yi?" Ki maimaita tatsuniya ɗaya har mako, ranar ƙarshe su kwaikwaya da kansu. Ki sassauta masu tsoratarwa irin na Dodo ga 'yan shekara 3. In akwai wata kaka a unguwa mai baki, a gayyato ta: "Inna, don Allah ki zo ki yi wa jikokinki tatsuniya ranar Alhamis." Kacici-kacici a zaɓi wanda za a iya nuna amsarsa. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", sai ki ɗauko tsintsiya su gani.

Kullun fulawa na mulmulawa ga yadda ake yin sa: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, babban cokali 2 na man gyaɗa, sai ruwa kusan kofi 1 a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana cuɗawa har ya daina manne wa hannu. In ana son launi a kwaɓa da ruwan zoɓo ko ɗan kurkum. A adana a roba mai murfi, in ya fara wari a zubar. A kula kada su ci, gishirinsa ya yi yawa ga cikin yaro. Fenti ma daga irin waɗannan kayan gida yake fitowa: zoɓo mai kauri, jar ƙasa, dakakken gawayi, a shafa da yatsa a bayan kwali.

Sai barci na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, da tazara tsakanin yaro da yaro. Wanda barci bai ɗauke shi ba a ba shi kwali da alli ya zauna shiru, ba a tilasta masa rufe ido da bulala. Kunna musu katun a waya don su yi shiru kuwa ba na goyon bayansa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kallon ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini, kuma galibi sun riga sun cinye awar a gida.

Yadda za ki iya da aji mai yawa

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 25 a wannan mataki, amma kowa ya san azuzuwa da yawa sun wuce haka. Ki raba su rukuni na biyar ko shida, kowane rukuni da sunan dabba. Ki buɗe wurare uku ko huɗu a lokaci guda, baho, yashi, fentin ruwa, jifa a ƙwarya, duk inda idonki ke kaiwa. Bayan minti 10 zuwa 15 a buga gwangwani a yi canji, kuma duk canji ki ƙirga kawuna. 'Yan shekara 2 da 3 ba su iya karɓa-karɓa ba tukuna, don haka ludayi biyar iri ɗaya ya fi kyakkyawan abu guda da za a yi ta faɗa a kansa. Yaron da ba ya iya gudu saboda lalura, shi ne makaɗi, shi ne sarki, kuma baho da yashi a ƙasa suke, yana kaiwa.

Alamun da za su sa a tsayar da wasa

Idan yaro ya yi laushi, yana jiri ko amai, leɓensa ya bushe, yana kuka ba hawaye, idonsa ya faɗa, ko fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi duhu, ki ɗauke shi zuwa inuwa, ki sassauta tufafinsa, ki shafe jikinsa da ruwa mai ɗan sanyi, ki yi masa fifita, ki riƙa ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, a kira iyayensa. Ki ajiye ƙunshin ruwan gishiri da sukari na kemis a aljihun tebur, ana haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a lita 1 na tsabtataccen ruwa a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin.

In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice, ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai a baki. A ci gaba da jiƙa shi a kan hanyar asibiti, ba jiran kowa. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce, kuma bazara ce lokacinsa. Shi ma asibiti nan take. Mai zazzaɓi da ƙuraje ya zauna a gida har a tabbatar ba ƙyanda ba ce. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ba abin jinkiri ba ne: a wanke wurin, a ɗora abu mai sanyi, a tafi asibiti, ban da tsaga ko ɗauri. Lambobin wayar iyaye su kasance a rubuce a littafin da kowace malama ta san inda yake.

Iyaye

Za a zo miki da ƙorafi. Wani uba zai ce, "Malama, mu fa karatu muka kawo shi, ba wasan ƙasa ba." Kada ki ji haushi, kuɗinsa ya biya kuma alheri yake nema wa ɗansa. Ki ce, "Alhaji, don Allah ka tsaya minti biyu." Ki kira yaron ya auna ludayi ya ƙirga, ya rubuta harafinsa a yashi, ya faɗi ƙofofin gari. Ganin nan ya fi duk bayanin da za ki yi. Tun farko ki sanar da iyaye mata ranakun wasan ruwa da yumɓu su sako tsohuwar riga ta canji, don yawancin faɗan a kan wanki ne.

Uwar da ke son yin wannan a gida lokacin hutu, tsakar gida ta isa: da safe kafin hantsi ya ɗaga, ko bayan la'asar. Sharaɗin dai ɗaya ne, kada a bar baho a hannun yayar yaron 'yar shekara 7 a shiga kicin.

Idan hadari ya fara haɗowa

Zuwa ƙarshen Mayu ko cikin Yuni iska takan fara tasowa da ƙura kafin ruwa. Da kin ga gabas ta yi duhu ko kin ji tsawa, ki kwashe yara daga gindin itace da rumfa zuwa cikin gini. A duba turakun rumfar a ƙara ɗaure su. Tayoyi, gwangwanaye da bahunan da suka yi aiki duk bazara, yanzu su ne matattarar sauro, don haka a kife su ko a huda musu gindi, a kuma hana yara kusantar kududdufi a hanyar gida. Gwangwanayen da aka huda kada a zubar: a cika su da ƙasa, kowane ɗan rabin aji ya binne ƙwayar wake biyu a gabanki, a rubuta sunansa a jiki, a jera a baranda. Cikin kwana 3 zuwa 5 zai tsiro, daga nan aikin kowace safiya shi ne ban ruwa da auna tsawonsa da ɗan guntun kara.